Ranar da Idon Jirgi Ya Bushe

Shekara ashirin da biyu Jusab ya yi a garejin manyan motoci a Bhuj, kuma in akwai abin da ya tsana a duniya, to yoyo ne. Mota ta bar gabansa tana zubar da ko ɗigo ɗaya na mai, ranar abinci ba ya masa daɗi. Da wannan halin ya zo teku, lokacin da yayan matarsa Sidik, wanda yake Nakwa, wato shugaban jirgin ruwa, ya rasa mai kula da inji a jirginsa Nure Sakina. Jirgin katako ne irin namu na garin Mandvi, mai inji da filafilin kama iska, ya tsufa amma bai gaji ba. Inji kam Jusab ya san shi ciki da waje. Teku ce bai sani ba, kuma bai ma san bai sani ba. Shi a ganinsa jirgi babbar mota ce da ta samu hanya mai laushi.

Wuri ɗaya ne a ɗakin injin ba a bar masa ba. Can baya, ƙarƙashin katakon da ake takawa, inda haƙarƙarin jirgi ke matsewa, akwai wani rami da sandar farfela ke bi ta huda jikin jirgi ta fita ruwa. Daidai mafitar akwai ƙoƙon tagulla da aka cusa wa igiyar auduga mai kitse, zobe a bayan zobe, aka danne da murfi da noti biyu. Igiyar nan ce kaɗai tsakanin mutum goma sha ɗaya da teku. Ido muke ce wa wurin. Fiye da shekara arba'in idon Nure Sakina na hannun Talab-kaka, wani tsoho ɗan firit mai baki kamar reza, wanda yanar ido ta fara rufe masa nasa idanun.

Kullum da safe bayan shayi tsohon zai sulale cikin ramin, ya jima, ya fito yana goge hannu da tsumma. Nakwa ya ce, "Kaka, yaya ido?" Ya ce, "Yana kuka." Nakwa ya ce, "Madalla." Jusab na gefe yana cizon leɓe. Wai kullum mutum ya kawo rahoton yoyo, a ce masa madalla! Ya ɗauka kunyar tsufa ake ji. Da ya buɗe baki sau ɗaya ya tambaya, da ba a kai inda aka kai ba, amma ina, makaniken Bhuj ya tambayi tsoho mai tsumma? Girman kai ya hana.

Sun baro Maskat da lodin dabino, kwana ɗaya da tashi, zazzaɓi ya kwantar da Kaka. Ya kwanta ƙarƙashin rumfa yana sambatu, bai san wanda ke kansa ba. Jusab ya ɗauki tocila ya leƙa ramin, ya ga ɗigo na taruwa a ƙasan murfi yana faɗuwa, ɗis, ɗis. Ya ce a ransa yau dai za a ga aiki. Ya tura kafaɗa ɗaya iya inda ta shiga, ya miƙa doguwar sifana ya ɗaure notin nan biyu har ɗigon ya tsaya. Washegari ya tarar ya dawo, ya ƙara ɗaurewa. Rana ta uku ya murɗa har noti ya kai ƙarshen zare, ya fito yana fito da baki.

A wannan safiyar zazzaɓin ya sauka. Kaka ya zauna jingine da buhun dabino, Abhu mai girki ya miƙa masa shayi da gurasar gero. Ya kai kofi baki ke nan sai ya tsaya, ya ɗaga hanci.

"Kai Abhu, wa ke ƙona kitse?"

"Ba ni ba ne, Kaka. Ni da na ga kitse tun Mandvi? Kifi busasshe muke ci kamar kyanwoyi."

Tsohon ya juya fuska wajen da ya ji motsin Jusab. "Ɗan gareji, yaya ido?"

"Na share masa hawaye, Kaka," in ji Jusab, har da ɗan murmushi. "Ya bushe ƙarau. Ka huta abinka."

Kofin ya suɓuce ya faɗi. Jusab bai taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Tsohon da ko miƙewa ba ya iyawa ya yi wata tsawa da aka ji har gaban jirgi: "A kashe inji! Sidik, a kashe inji!"

Aka kashe. Jusab ya ruga ƙasa ya miƙa hannu ya taɓa murfin tagullar, ya janye da ihu, fatar yatsunsa biyu ta tashi. Hayaƙi siriri na fitowa daga wurin. Yana nan tsaye da yatsu a baki, tagullar ta fara hucewa, sai ya ji wani sauti, tsss. Igiyar da ta ƙone ta tsuke, ruwa ya fara fesowa ta gefen sanda, da farko kamar zare, kafin a jima ya kai kaurin ɗan yatsa. Ya ɗora sifana don ya ƙara ɗaurewa. Babu sauran zare, shi da kansa ya cinye shi.

Mutum biyu suka sauko da Kaka a hannu suka zaunar da shi bakin ramin. Ya karkata kunne ya saurara.

"Ruwan nan da kake gani kana tsana, shi ke sanyaya sandar," ya ce, murya ƙasa ƙasa. "Kwana uku ka bar ƙarfe na gurzar auduga a bushe. Kai ko jaki aka hana ruwa kwana uku ai ya yi maka bore."

Jusab ya rasa inda zai sa fuskarsa. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ga tsoro na bin bayanta.

Nakwa Sidik ya ce, "Kaka, faɗan ya jira. Me za a yi?"

"A cire ta ƙone a sa sabuwa."

"A nan? Kan ruwa?"

"To a ina? Ko za ka kira masu tura mota su kai mu gareji?"

Ga yadda lamarin yake. Famfon da ke kwashe ruwan cikin jirgi, sandar farfela ce ke juya shi, in ta tsaya ya tsaya, saura na hannu. Gaɓa mafi kusa kwana biyu ce. In aka bar ido haka, kafin la'asar ruwa ya shanye inji, abin da zai biyo baya kuwa ba sai an faɗa ba. In kuma aka buɗe shi don canza igiya, to na ɗan lokaci babu komai tsakaninsu da teku. Nakwa ya ce ko wani ya yi nutso ya cusa tsumma ta waje. Kaka ya ce ya dubi yadda gindin jirgin ke ɗagawa yana dukan ruwa, duk wanda ya shiga ƙarƙashinsa sai dai a kwaso kansa a kwano.

Tsohon ya ɗaga hannayensa. Rawa suke yi kamar ba nasa ba, ko wuƙa ba za su riƙe ba. Ya sauke su ya ce, "Wanda ya san sifana a jirgin nan mutum ɗaya ne. Cire riga."

Aka ɗaga filafili don jirgi ya daina tangaɗi, aka ɗaure sandar da igiya kada ruwa ya juya farfela. Mutum huɗu suka kama famfon hannu. Jusab ya naɗa sabuwar igiya a jikin sandar inda take a fili, ya yanka zobe huɗu a karkace yadda Kaka ya ce, tsohon ya riƙa mulke su da kitsen akuya daga wani gwangwani da ba ya bari kowa ya taɓa. Abhu ya zo da man girki ya shafe wa Jusab kafaɗu da ciki.

"Da ka san da yau, da ba ka riƙa neman ƙari ba," in ji Abhu. "Wannan tumbin duk guminmu ne."

"Rufe min baki."

"Ni dai in ka maƙale, sai mu bar ka ka zama toshiyar. Ko banza ka fi auduga kauri."

Aka yi dariya, irin ta masu tsoro. Aka ɗaura masa igiya a idon sawu, ya kwanta rub da ciki, hannu biyu a gaba, kai a ƙasa, ya fara shiga. Katako ya kankare masa baya. A tsakiya ya maƙale da gaske, sai da ya fitar da duk iskar ƙirjinsa Abhu ya tura tafin ƙafarsa, sannan ya wuce. Ciki babu wurin juya kai. Kumatunsa na jingine da sandar, gwiwar hannunsa ɗaya a matse ƙarƙashin ƙirji, warin ƙonannen kitse da tsohon mai ya cika masa hanci. Ruwan da ya taru a gindin ramin ya riga ya kai masa wuyan hannu. Kaka ya turo masa wani guntun tiyo har kusa da kunne, ta nan muryarsa ta riƙa zuwa kamar yana cikin kansa.

"Kana ji na, ɗan gareji?"

"Ina ji, Kaka."

"Lokacinka shi ne kafin ruwa ya kai hancinka. Kar ka yi sauri. Mai sauri sau biyu yake aiki a wurin nan. Kwance noti."

Ya kwance, kwatan juyi bayan kwatan juyi, don wurin bai isa sifana ta yi rabin juyi ba. Ya zame murfin baya. Ruwa ya ƙaru. Ya karɓi ƙugiyar Kaka, wata 'yar waya mai murɗaɗɗen baki, ya soka ya jawo zoben farko, ya fito baƙi ƙirin yana marmashewa kamar gawayi. Na biyu ya fito. Na uku ya yi gardama, ya fito gutsi gutsi.

"Saura ɗaya," in ji muryar. "Kafin ka taɓa shi ka bi sandar da farce. Ta ji ciwo?"

"Akwai zane, amma farce bai kama ba."

"Allah Ya so ka. To ka yi bismillah, ka cika ƙirji da iska. Yanzu za ku gaisa."

Jusab ya soka ƙugiya ya ja. Zoben bai jira ya gama ja ba, teku ce ta turo shi da kanta. Ruwa ya bugi fuskarsa ta kowane gefen sandar, tocilar da ya ajiye a gefensa ta faɗi ta mutu. Ya ɗora tafin hannu don ya tare, ruwan ya ture hannun, ba da fushi ba, ba da gaggawa ba, kamar yadda babba ke kawar da hannun yaro daga kwano. Abin da ya fi girgiza shi ke nan. Ya saba da tiyon da ya fashe, mai feshi ya gaji ya tsaya. Wannan ba shi da niyyar gajiya. Bayansa akwai wani ruwan, bayan wannan akwai wani, har Maskat, har inda bai san sunansa ba, duk sun yi layi a bakin wata 'yar kafa da ba ta kai kaurin yatsa ba. Kuma wata biyar yana barci a saman wannan, yana yi wa tsoho dariya a ransa.

Sai ya lura ba duhu yake ciki ba. Ruwan da ke shigowa yana ɗauke da haske. Wani kore ne mai laushi, ya zagaye sandar kamar zobe, yana rawa a kan tagullar da kan yatsunsa. Ranar da ke can sama ce ta nutse cikin teku, ta bi ƙarƙashin jirgi, ta biyo ruwan ta wannan doguwar kafa har ta iske shi a rami mafi ƙazanta a jirgin. Bai taɓa ganin launi irinsa ba. Ya manta da zobe, ya manta da hancinsa, bakinsa kawai ke motsi.

"Ka yi shiru," in ji muryar a kunnensa. Ta sauya, babu zolaya a cikinta. "Ka gan shi ko?"

"Kaka... kore ne."

"Kore ne." Tsohon ya yi ajiyar zuciya har ta tiyon aka ji. "Sau biyu na gan shi a rayuwata. Na ba Sidik labari ya ce hayaƙin inji ne ya hau min kai. To ka gani, ya isa. Ba kallo aka aike ka ba. Zobe na farko, bakinsa inda ka yanka ya dubi sama."

Abhu ya turo zoben a kan sanda ta gefen cinyarsa. Jusab ya laluba ya naɗa shi, ya kai bakin ƙoƙon, ruwa ya tofo shi waje. Ya sake, ya sake tofowa. A na uku ya danne da babban yatsan da ya ƙone, ya ɗauki tsagin gora da Kaka ya ba shi ya riƙa tura shi kaɗan kaɗan, sama, ƙasa, hagu, dama. Ruwan ramin ya kai masa haɓa. Sama yana jin famfo na ƙara, ƙiƙi ƙaƙa, da muryar Nakwa yana cewa a canza hannu.

"Ya zauna?"

"Ya zauna."

"Ƙarya kake, ina jin sa yana fito ta hagu. Ƙara masa."

Ya ƙara. Fiton ya tsaya. Tsoho rabin makaho, daga bakin rami, cikin ƙarar famfo, ya ji abin da shi mai hannu a kai bai ji ba. Koren hasken ya ragu ya koma siriri.

"Na biyu, bakinsa ƙasa. Kar ka haɗa bakinsu wuri ɗaya, kada teku ta samu hanya."

Na biyu ya shiga, hasken ya ɗauke, duhu ya rufe. Ya ji wani abu kamar rashi, shi kansa ya yi mamaki. Na uku bakinsa hagu. Kafin na huɗu ruwa ya kai leɓensa, sai da ya karkace wuya yana shaƙar iska ta gefen baki, gishiri na cin ƙunar yatsunsa. Ya zamo murfin, ya laluba noti na farko ya ɗaura. Na biyu ya suɓuce cikin ruwa. Ya riƙe numfashi ya nutsa fuska, ya bi gindin ramin da yatsu cikin laka da mai har ya ji shi, ya ɗago yana tari.

"Me ya faɗi?"

"Ba komai, Kaka."

"Noti ne. Ɗaura su bi da bi, kar ɗaya ya riga ɗaya."

Ya ɗaura, wannan kwata, wancan kwata. Shigar ruwan ta koma zare, ta koma ɗigo, ta tsaya. Ya kwanta yana haki. A hankali ya ji ruwa ya sauka daga leɓensa zuwa haɓa, daga haɓa zuwa wuya. Sama aka ɗauki kabbara, Abhu na dukan tafin ƙafarsa don murna. Aka turo masa wata tocilar. Ya haska. Ido ya bushe ƙarau.

"Ku jawo ni," ya ce.

"Kar wanda ya taɓa igiyar nan," in ji Kaka. "Ɗan gareji, ba ka gama ba. Sassauta."

"Na'am?"

"Ka ji ni. Sassauta noti, ka bar ta ta shigo."

Jusab ya ɗora sifana a kan notin, hannun ya ƙi. Ɗazu da safe da an ce masa haka, girman kai ne zai hana shi. Yanzu tsoro ne zalla. Ya ga abin da ke bayan murfin nan, ya ji nauyinsa a tafin hannu, da ƙyar ya rufe masa ƙofa, a ce kuma shi da kansa ya buɗe?

"Kaka, na ga ƙarfinta. In na ba ta hanya..."

"Ai shi ya sa yanzu za ka iya. Jiya ba ka san wa kake hanawa ba." Muryar ta yi laushi. "Ba a rufe mata ƙofa gaba ɗaya, ɗana. Shekara arba'in ina ba ta ɗigonta, tana barinmu mu wuce. Kwata ɗaya kowanne."

Ya rufe ido ya murɗa. Kwata a dama, kwata a hagu. Aka kwance igiyar da ta riƙe sandar, Kaka ya ce ya janye gashinsa da hannunsa, Nakwa da kansa ya tada inji ya sa shi a hankali. Sandar ta fara juyawa dab da kumatunsa. Ya ɗora bayan hannu a kan tagullar kamar mai duba zazzaɓin yaro. Ɗumi kaɗan. Babu ɗigo.

"Ƙirga," in ji tiyon. "Subhanallahi goma, ba da gudu ba. Ɗigo ɗaya a kowane goma. Ya fi haka ka ɗaure, bai kai ba ka sassauta."

Ashe abin da tsohon ke yi ke nan kullum da safe a ramin nan. Jusab ya fara. Ya kai goma, babu komai. Ya ƙara sassautawa kaɗan, ya sake farawa. A na huɗu ya ga wani ɗan ƙyalli a ƙasan murfin. A na bakwai ya kumbura ya yi nauyi yana rawa da motsin inji. Dukan tekun nan da ta kusa cinye su, ga ta ta dawo 'yar mitsitsiya tana jiran ya gama tasbihi. Ya ce na goma, muryarsa ta karye, ɗigon ya faɗi. Tagullar ta fara sanyi a ƙarƙashin hannunsa.

Bai ce a jawo shi ba. Ya sake goma, ɗigo ya faɗi. Ya sake.

Can sai ya ji muryar Nakwa Sidik daga bakin ramin, yana ɗaga ta sama da ƙarar inji. Ba Kaka ya tambaya ba.

"Jusab! Yaya ido?"

Jusab ya amsa, hawaye na bin kumatunsa. "Yana kuka."

"Madalla," in ji Nakwa.

Sannan tsohon ya ce ta tiyon, ƙasa ƙasa yadda su biyu kaɗai za su ji, "Na ji. Idanu uku ma ke kuka. Naka biyun ka share su kafin ka fito, Abhu ba ya rufa wa kowa asiri. Ɗayan kuwa kar ka ƙara taɓa min shi."